Me ya sa 'yan ƙwallon kwando ke yawan faɗuwa?

A fagen kokawa ko na dambe, a garuruwan gabashin jihar Sakkwato irin su Marnona da Wurno da Rabah da Goronyo, faɗuwa ba ta da fassara biyu. Wanda aka kai ƙasa an kayar da shi, a dambe ma ko gwiwa ko hannu ne ya taɓa ƙasa, to an yi kisa ke nan.

To amma a wasannin da matasan waɗannan garuruwa ke kallo a gidajen kallon ƙwallo da kuma wayoyin salula, lamarin ya sha bamban. Ɗan wasa kan faɗi ya ci riba, har wani lokaci ya janyo wa ƙungiyarsa nasara. Masu kallon ƙwallon ƙafa sun daɗe da sanin wannan, kuma sun saba yi wa mai faɗuwar ganganci ihu. Saboda haka duk wanda ya fara kallon ƙwallon kwando, musamman gasar NBA ta Amurka, ya ga ƙarti majiya ƙarfi suna zubewa a ƙasa kusan duk bayan 'yan mintoci, yakan ɗauka cutar ɗaya ce.

Akwai ƙamshin gaskiya a cikin hakan, sai dai ba duka ba. Faɗuwa a ƙwallon kwando iri-iri ce: akwai wadda ta zama dole, akwai wadda ɗan wasa kan zaɓa don ya tsira da ƙafafunsa, akwai kuma ta yaudarar alƙalin wasa.

Ƙaramin fili, manyan mutane

Bisa ƙa'idar hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, tsawon fili mita 28 ne, faɗinsa kuma mita 15. Wato filin gaba ɗayansa bai kai girman yadi na 18 na filin ƙwallon ƙafa ba. A cikin wannan ɗan wuri ne mutum 10 ke kai-komo, da yawansu tsawonsu ya kai mita 2, nauyinsu kuma kilo 100 ko fiye, kuma duka hankalinsu yana kan kwandon da ke rataye mita 3.05 daga ƙasa.

Yawancin faɗuwar tana aukuwa ne lokacin da mai ƙwallo ya kutsa zuwa gindin kwando. Doka ba ta ba shi damar yin fiye da taku 2 ba bayan ya riƙe ƙwallon da yake bugawa a ƙasa, don haka ba shi da sararin rage gudu. Sai ya tashi sama da ƙafa ɗaya yana cikin gudu, hannuwansa na kan ƙwallo, idanunsa na kan kwando, jikinsa kuma a karkace don ya kauce wa masu tare shi.

Mutumin da ke tsaye a ƙasa, idan aka ture shi, yakan ja ƙafa ɗaya baya ya daidaita. Wanda ke sama ba shi da abin takawa. Ɗan taɓi kaɗan a ƙugu ko a cinya ya isa ya juya jikinsa baki ɗaya, ƙafafun su yi gaba, kafaɗu su yi baya. Wannan ne ya sa sau da yawa mai kallo a talabijin kan ga kamar ba a taɓa ɗan wasan ba, alhali kuwa an taɓa shi a daidai lokacin da ba ya da kariya.

Bayan haka kuma sai matsalar wurin sauka. Gindin kwando cike yake da ƙafafun mutane, kuma gurɗewar idon sawu ita ce raunin da ya fi yawa a wannan wasa, galibi sakamakon sauka a kan ƙafar wani. A watan Mayun 2017 Kawhi Leonard na San Antonio Spurs ya sauka a kan ƙafar Zaza Pachulia na Golden State Warriors bayan ya yi jifa, bai sake buga wasa ba a wannan zagaye. Daga baya hukumar NBA ta tsananta hukunci a kan duk wanda ya shiga wurin saukar mai jifa, har ake kiran dokar da sunan Zaza.

Faɗuwa ta zo daidai da zama

Nau'i na biyu shi ne wanda ya fi ba baƙon kallo mamaki, domin ɗan wasa ne da kansa ke zaɓar ya faɗi, kuma ba don ya cuci kowa ba.

Idan mutum mai kilo 100 ya sauko daga sama a karkace ya ce lallai sai ya tsaya da ƙafa ɗaya, to duk nauyin zai taru ne a kan gwiwa da idon sawun wannan ƙafa. Idan kuwa ya saki jiki ya sauka da cinya ko gefen baya ya zame a kan katako, sai ƙarfin ya bazu a jiki, ya kuma ƙare sannu a hankali. Ƙujewar fata da tsamin jiki sun fi sauƙin jinya a kan tsinkewar jijiyar gwiwa, wadda kan ajiye ɗan wasa kusan shekara guda.

Labarin Derrick Rose na Chicago Bulls ya isa misali. A 2011 ya zama mafi ƙarancin shekaru da aka taɓa zaɓa gwarzon gasar NBA, yana ɗan shekara 22, kuma an san shi da kutsawa cikin gudu da tsayawa farat ɗaya. A watan Afrilun 2012 jijiyar gwiwarsa ta hagu ta tsinke a irin wannan kutse, ba tare da wani ya buge shi ba. Bai buga ko wasa ɗaya ba a kakar da ta biyo baya, kuma bai sake komawa kan ganiyarsa ta da ba.

Joel Embiid, haifaffen birnin Yaounde na ƙasar Kamaru, wanda ya zama gwarzon NBA a 2023, yana cikin waɗanda aka fi yi wa ba'a a kan yawan faɗuwa. Shi dai ya shafe kakarsa 2 ta farko a Philadelphia bai buga wasa ba saboda karayar ƙashi a ƙafarsa ta dama, kuma ya taɓa bayyana cewa likitan ƙafarsa ne ya ba shi shawarar ya riƙa sakin jiki ya faɗi maimakon ya dage sai ya sauka a tsaye. Masu sukarsa na cewa wannan ba zai zama hujjar kowace faɗuwa ba, kuma da gaskiyarsu. Amma dalilin nasa sananne ne a wurin masu horarwa.

Kafin su, Allen Iverson da Dwyane Wade sun yi suna wajen kutsawa cikin waɗanda suka fi su girma nesa ba kusa ba, kuma kusan kowane dare sai sun sha ƙasa. Ba a cika kiransu mayaudara ba, domin kowa yana ganin dukan da suke sha.

Har ila yau akwai haɗarin da ke bayan kwandon kansa, inda turken da ke riƙe da shi yake, ga kuma masu ɗaukar hoto zaune a ƙasa. A watan Agustan 2014 Paul George ya karye a ƙafa a birnin Las Vegas lokacin wani wasan gwaji na tawagar Amurka, bayan da ƙafarsa ta daki gindin turken yana saukowa. Mai kutsawa da gudu yakan gwammace ya zame a ƙasa da ya yi karo da irin wannan.

Laifin bangaza da laifin tare hanya

Amma tushen gardamar yana cikin wata doka guda ɗaya, wadda ba ta da takwara sosai a ƙwallon ƙafa.

Idan mai ƙwallo da mai tsaron baya suka yi karo, alƙali zai duba ne ya ga wa ya riga wani zuwa wurin. Idan mai tsaron ya riga ya tsaya yana fuskantar mai ƙwallo tun kafin wancan ya tashi sama, kuma aka daki ƙirjinsa, to laifin na mai ƙwallo ne, wato ya yi bangaza, za a soke cinsa a miƙa ƙwallo ga abokan hamayya. Idan kuwa mai tsaron ya makara, ya kutso kai ne bayan wancan ya riga ya tashi, to shi ne ya tare hanya, laifin nasa ne. Tazarar da ke tsakanin hukuncin biyu ba ta kai ƙiftawar ido ba, shi ya sa ake ɗaukarsa a matsayin ɗaya daga cikin hukunce-hukunce mafiya wuya a wasan.

A nan mai tsaron baya ne ke faɗuwa, ba mai kai hari ba, kuma koya masa ake yi. Masu horarwa kan ce masa ya kafa ƙafafunsa, ya karɓi dukan a ƙirji, ya sunkuyar da haɓa don kada ƙeyarsa ta daki ƙasa, ya sauka da mazaunai ya zame, kada kuma ya kai hannu baya don ya tokare, domin ta nan ake karya wuyan hannu. Wanda ya ƙi faɗuwa ya sandare zai sha dukan gaba ɗaya a jikinsa. Wani abin kuma, wanda shi ne ainihin matsalar, alƙalai ba su cika busa usur ba idan wanda aka bangaje bai faɗi ba.

Ke nan dokar da kanta ce ke koya wa ɗan wasa cewa tsayuwa asara ce. Daga nan kuwa tafiyar ba ta da nisa: wanda ya saba faɗuwa idan an buge shi da ƙarfi, zai fara faɗuwa idan an taɓa shi kaɗan, daga baya ya faɗi tun kafin a taɓa shi.

Wasu sun mai da karɓar bangaza sana'a. Kyle Lowry na Toronto Raptors ya yi hakan har sau 2 a wasan taurari na 2020, wasan da a al'adance ba a cika wahalar da kai wajen tsaro ba. Sai dai abin yana da haɗari ga wanda ke sama. A ranar 16 ga watan Afrilun 2023, Giannis Antetokounmpo na Milwaukee Bucks, ɗan ƙasar Girka wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, ya faɗo da baya bayan ya yi karo da Kevin Love na Miami wanda ya tsaya a gabansa. A wannan ranar ce kuma Ja Morant na Memphis ya ji rauni a hannu a irin wannan karo da Anthony Davis na Los Angeles Lakers. Milwaukee, wadda ta fi kowace ƙungiya yawan nasara a kakar, an fitar da ita a zagayen farko, kuma wasu masu sharhi sun yi kira da a soke wannan nau'in laifin bangaza ɗungurungum. Ba a soke shi ba.

Tun da farko dai NBA ta yi ƙoƙarin rage haɗarin. A 1997 ta zana rabin da'ira a ƙarƙashin kwando, mai nisan ƙafa 4 daga tsakiyarsa, inda mai kawo ɗauki a tsaro ba zai tsaya ya ce an bangaje shi ba. FIBA ta bi sahu a 2010 da tata mai mita 1.25.

Wa ya kawo ta?

A Amurka an daɗe ana ɗora laifin faɗuwar ƙarya a kan 'yan wasan da suka fito daga ƙasashen da ƙwallon ƙafa ya yi ƙarfi. Sunayen da aka fi ambata su ne Vlade Divac ɗan ƙasar Sabiya, da Manu Ginobili na Ajantina, da Anderson Varejao na Brazil. Divac, lokacin da yake Sacramento Kings a farkon shekarun 2000, shi ne ke tsare Shaquille O'Neal, wanda nauyinsa ya haura kilo 140, kuma faɗuwa na daga cikin 'yan dabarun da suka rage masa.

Amma tarihi bai goyi bayan wannan zargi ba. Tun a watan Disamban 1963, Frank Ramsey na Boston Celtics, Ba'amurke, ya yi bayani dalla-dalla a mujallar Sports Illustrated kan dabarun da yake bi ya sa alƙali ya hukunta abokin karawarsa, ciki har da faɗuwa. A lokacin Divac ma ba a haife shi ba.

Akwai kuma wani misali da ya shafi Sakkwato kai tsaye. Hakeem Olajuwon ya tashi ne a Legas yana tsaron raga a ƙwallon ƙafa, yana kuma buga ƙwallon hannu. Yana ɗan shekara 15 makarantarsa, Muslim Teachers College, ta halarci bikin wasannin kwalejojin horar da malamai na ƙasa da aka yi a Sakkwato, shi yana cikin tawagar ƙwallon hannu, sai aka nemi ya buga wa makarantar ƙwallon kwando. Daga nan tafiyar ta fara, har ya lashe kofin NBA da Houston Rockets a 1994 da 1995. Abin da ya ɗauko daga ƙwallon ƙafa shi ne iya taku da saurin juyi, ba faɗuwa ba. Shi a sama yake tare mutane: sau 3,830 ya kaɗe ƙwallon da aka jefa, adadin da ya fi na kowa a kundin NBA, kuma a 2022 aka sanya wa kofin gwarzon mai tsaron baya na gasar sunansa.

Bambancin farashi

Abin da ya raba wasannin biyu shi ne ribar da ake samu.

A ƙwallon kwando, wanda aka yi wa ƙeta yana cikin jifa yakan samu jifan kyauta 2, kowanne maki 1, kuma ƙwararru kan ci kimanin 3 cikin kowane 4. Ke nan ribar ba ta wuce maki ɗaya da rabi ba, a wasan da kowace ƙungiya a NBA kan ci maki fiye da 100. Akwai ƙarin riba, domin ɗan wasan da ya tara laifi 6 a NBA, ko 5 a dokar FIBA, ya fita daga wasa, don haka jawo wa tauraron abokan hamayya laifi 2 tun da wuri kan tilasta a zaunar da shi. Duk da haka, hukunci guda ba kasafai yake yanke wasa ba, ganin cewa kowace ƙungiya kan yi laifi kusan 20 a dare ɗaya.

A ƙwallon ƙafa kuwa, inda jimillar ƙwallayen da ake ci a wasa kan kasance 2 zuwa 3, bugun daga kai sai mai tsaron gida kusan ƙwallo ce a raga, domin shi ma ana cin kimanin 3 cikin 4. Idan kuma aka haɗa da jan kati, ƙungiya za ta ƙarasa wasa da mutum 10, ba kamar ƙwallon kwando ba inda ake maye gurbin wanda ya fita. Faɗuwa ɗaya na iya fitar da ƙasa daga gasar cin kofin duniya.

Sannan ga batun agogo. A ƙwallon ƙafa lokaci yana tafiya ko da ɗan wasa na kwance, don haka wanda ke kan gaba yana da riba idan ya yi ta birgima. A ƙwallon kwando da zarar an busa usur agogo ya tsaya, kwanciya ba ta cin ko daƙiƙa ɗaya. Idan kuma ba a busa ba, wanda ya faɗi ya bar 'yan'uwansa 4 suna fuskantar mutum 5, kuma cikin daƙiƙu kaɗan za a ci su. Wannan ne ya sa ɗan ƙwallon kwando kan faɗi sau da yawa amma ya yi zumbur ya miƙe, shi kuwa na ƙwallon ƙafa ba ya faɗuwa da yawa kamarsa, amma idan ya faɗi sai an kira masu ɗaukar marasa lafiya. Ɗayan ƙaryar taɓi yake yi, ɗayan kuma yakan haɗa da ƙaryar ciwo, kuma ita ce ta fi ɓata wa 'yan kallo rai.

Yawan alƙalai ma ya bambanta. Mutum 3 ne ke riƙe da usur a ƙaramin filin ƙwallon kwando, a ƙwallon ƙafa kuwa mutum ɗaya ne, da mataimaka 2 a gefe, a filin da ya ninka wancan kusan sau 17.

Sanannun misalai

Masu kallon gasar cin kofin duniya ta 2002 ba za su manta da Rivaldo na Brazil ba. A wasansu da Turkiyya, Hakan Unsal ya buga masa ƙwallo ta same shi a cinya, shi kuwa ya dafe fuska ya zube. An kori Unsal, daga baya kuma hukumar FIFA ta ci tarar Rivaldo fiye da kuɗin Switzerland franc dubu 11, amma bai rasa ko wasa ɗaya ba, Brazil kuma ta ɗauki kofin.

Jurgen Klinsmann na Jamus ya yi ƙaurin suna tun wasan ƙarshe na 1990, inda aka kori Pedro Monzon na Ajantina saboda ƙetar da ya yi masa. Da ya koma Tottenham a 1994, ya ci ƙwallo a wasansa na farko, sai ya yi murna da tsunduma ƙasa da ciki, yana mai da martani ga masu yi masa ba'a. A 2006 Didier Drogba na Chelsea ya faɗa a wata hira cewa yakan faɗi da gangan wani lokaci, sai dai nan take ya janye maganar. Arjen Robben na Holand kuwa, bayan wasansu da Mexico a 2014, ya nemi afuwa kan wata faɗuwa da ya yi kafin hutun rabin lokaci, amma ya dage cewa bugun daga kai sai mai tsaron gida da ya samo a ƙarshen wasa, wanda ya ba su nasara da ci 2 da 1, halal ne.

Neymar shi ne wanda ya fi shan ba'a a gasar 2018 a Rasha, inda wani gidan talabijin na Switzerland ya ƙirga cewa ya shafe kusan minti 14 a kwance a wasanninsa. Sai dai a wasa ɗaya kacal da Switzerland sau 10 aka yi masa ƙeta, kuma shi ne wanda Juan Zuniga na Colombia ya karya wa ƙashin baya da gwiwa a 2014. Mutum ɗaya na iya zama wanda ake cuta kuma mai ƙara gishiri, abin da ke jefa alƙali cikin tsaka mai wuya ke nan.

Masana ma sun sa baki. A 2009 Paul Morris na jami'ar Portsmouth a Ingila ya bayyana wata alama ta mai faɗuwar ƙarya: ya banƙaro ƙirji, ya jefa kai baya, ya ɗaga hannuwa sama, ƙafafu kuma a lanƙwashe ta baya, kamar bakan maharbi. Mai faɗuwar gaske hannunsa ƙasa yake nufa don ya kare kansa. Wani bincike na jami'ar Queensland a Australiya a 2011 ya gano cewa an fi yin faɗuwar ƙarya kusa da ragar abokan hamayya, da kuma lokacin da ake kunnen doki, wato inda ribar ta fi tsoka.

Hukunci

Tun 1999 dokokin ƙwallon ƙafa suka tanadi katin gargaɗi ga duk wanda ya yi ƙoƙarin yaudarar alƙali. Hukunta mutum bayan an tashi wasa ne ya zama da wuya. A 2009 hukumar UEFA ta dakatar da Eduardo na Arsenal wasa 2 kan faɗuwar da ya yi a wasansu da Celtic, amma aka soke hukuncin bayan ɗaukaka ƙara. A watan Nuwamban 2017 Oumar Niasse, ɗan Senegal da ke Everton, ya zama ɗan wasan gasar Premier na farko da aka dakatar wasa 2 a ƙarƙashin sabuwar dokar hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila. Na'urar VAR, wadda aka fara amfani da ita a gasar cin kofin duniya a 2018, ta soke wa Neymar bugun daga kai sai mai tsaron gida a wasansu da Costa Rica. Sai dai na'urar tana nuna ko an taɓa mutum ne, ba ta auna ko taɓin ya isa ya kayar da shi ba.

Ita kuwa NBA sai a 2012 ta ɗauki mataki: gargaɗi a karo na farko, tarar dala dubu 5 a na biyu, sannan dubu 10, dubu 15, da dubu 30. Reggie Evans na Brooklyn Nets ne aka fara ci wa tara, a watan Nuwamban wannan shekara. A watan Mayun 2013 aka ci LeBron James da David West da Lance Stephenson tarar dala dubu 5 kowannensu a wasa ɗaya. Ga mutanen da ke karɓar miliyoyin daloli a shekara, wannan kuɗin goro ne, kuma tarar ba ta dawo da makin da aka riga aka ci.

A 2021 hukumar ta umarci alƙalai su daina saka wa masu kai hari da ke jefa jikinsu kan mai tsaro da gangan, dabarar da aka san James Harden da Trae Young da ita. A 2023 kuma ta fara gwajin hukunci nan take, inda ake bai wa abokan hamayya jifan kyauta 1 idan alƙali ya ga faɗuwar ƙarya, ta kuma tabbatar da dokar a 2024. A dokar FIBA, wadda ita ake bi a Najeriya da Nijar, alƙali kan yi gargaɗi da farko, idan aka maimaita sai ya rubuta laifi a ba abokan hamayya jifa.

Katako da siminti

Ƙwallon kwando ba baƙo ba ne a arewacin Najeriya. Ƙungiyar Kano Pillars ta sha lashe gasar ƙasa. A Zariya, kocin nan Ba'amurke Oliver Johnson ya shafe shekaru masu yawa yana horar da matasa a filin jami'ar Ahmadu Bello, kuma cikin waɗanda suka bi ta hannunsa akwai Masai Ujiri, wanda yake shugaban Toronto Raptors lokacin da ta lashe kofin NBA a 2019. Tawagar maza ta Najeriya ta zama zakaran Afirka a 2015, a 2021 kuma ta doke Amurka da maki 90 da 87 a wasan sada zumunta a Las Vegas.

Amma akwai abin da hoton talabijin ba ya nunawa. Filin NBA katako ne mai santsi, an shimfiɗa shi a kan abin da ke ɗan lotsawa idan an faɗa masa, ga masu goge gumi a gefe, ga likitoci a zaune. Yawancin filayen da ke makarantu da unguwanni a arewa kuwa na siminti ne, a sarari, rana na dukansu, wasu sun tsattsage, ƙurar hunturu kuma kan sa su zamewa inda ba a so. A kan irin wannan fili jiki ba ya zamewa yadda ake gani a Amurka: fata ce ke kamawa, gwiwar hannu da ƙugu da ƙeya su karɓi dukan. Dabarar da ke kare ƙafafun Embiid na iya karya wuyan hannun ɗalibin sakandare a Wurno ko Goronyo, inda mai ɗori ya fi asibitin ƙashi kusa.

Saboda haka a kan siminti lissafin yakan juye. Abin da ya fi amfani ga mai kutsawa shi ne ya koyi tashi da ƙafa 2 ya sauka da 2, gwiwoyi a ɗan lanƙwashe, mai tsaro kuma ya ɗaga hannuwansa ya tashi sama a miƙe, abin da doka ta amince masa, maimakon ya kafa ƙirji a gaban wanda ya riga ya bar ƙasa.